Makullin Shagona Yana Hawandawaki

Ku samarin da kuke cika mini benci kullum da la'asar, na ji abin da kuke faɗa. Wai sana'ar Lawali mai turi ba sana'a ba ce, zaman inuwa ne: a karɓi kati, a soka, a danna, a zare, a miƙa hannu. Ɗayanku har ya ce da yatsa ɗaya zai yi ta, sauran yatsun yana ɓarar gyaɗa. Ban yi fushi ba. Kallon kitse kuke yi wa rogo, kuma ni ma na yi irin wannan kallon lokacin da nake kamarku. Ku matsa ku ba mai shayi hanya, in ba ku labarin yadda ake tura waƙa a garin nan na Tasawa.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne juya biro. A wajen Maigida Sha'aibu mai kaset na koya, a wata 'yar rumfa bakin tasha. Kayan aikinsa rediyo mai baki biyu, kwalin batir, auduga da ɗan turare na goge kan injin, da jan farce na mata wanda muke liƙe zaren kaset da shi in ya tsinke. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa jan maɓallin ɗauka ba. Nawa shi ne in soka biro a ramin kaset in yi ta juyawa don kada a ci batir wajen mayar da zare, in rubuta suna a bayan kwali, in kuma yi shiru in saurara. Yakan ce mini in mutum ya tsaya gaban tebur, in fara duban ƙafarsa kafin in tambaye shi abin da yake so. Mai takalmin taya da kaushi, waƙar noma ko ta dambe. Mai sanda a kafaɗa, sarewa. Mai ƙamshin isansi, man mota ke nan, direba ne, ba shi mai zafi wadda za ta hana shi gyangyaɗi.

Ranar da ya fara sakar mini jan maɓallin, ranar na yi ɓarnar da har yau ban manta ba. Wani dattijo daga Baudeta ya kawo kaset biyu, ɗaya sabo ɗaya tsoho, ya ce a juye masa. Ni da rawar kai na soka su a baibai, na danna. Ashe tsohon wasiƙa ce, muryar ɗansa da ke ci-rani a bakin teku yana gaida gida ɗaya bayan ɗaya. Na shafe ta tas, na ɗora shirun sabon kaset a kanta. Maigida bai dake ni ba. Cewa ya yi in tashi in gaya wa dattijon da bakina. Da dukan ya yi, da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar ban sake shafe komai ba sai na saurare shi daga farko har ƙarshe.

Kaset ya wuce, faifai mai ƙyalli ya zo ya wuce, aka shigo zamanin salula da kat memwar, ɗan katin nan da bai kai farce ba. Maigida ya ce idonsa ba zai iya da abin da kaza za ta haɗiye ba, ya koma sayar da goro, ya sa mini albarka. Na kama wannan shagon, na sayi ordinater, wato kwamfuta, da diski na ajiya, da panno ɗaya mai kama hasken rana a kan rufi saboda kuran, wutar lantarkin garin nan da kuka san halinta.

Ga aiki guda da zai nuna muku cewa ba danna-danna ba ne kawai. Akwai wani makiyayi, Buba, da ke zuwa mini sau biyu a shekara, kafin su yi arewa da shanu da kuma bayan sun dawo. Buba ba ya karanta abin da ke fuskar salula, da ƙirga yake aiki. Ya san in ya danna sau ɗaya karatu ne na asuba, sau bakwai sarewa ta fara, sau ashirin waƙoƙin biki ne na lokacin da kewar gida ta taso. In ka tura masa a hargitse, ka ɓata masa damina guda, domin daji ba shago. Sai in zauna in sa wa kowace waƙa lamba a gabanta, in jera su yadda ya saba, in saka sababbi a ƙarshe, in ba shi ya danna a gabana ya tabbatar. Ga kuma katin jabu, wanda zai ce maka yana ɗaukar buhu alhali tiya ce cikinsa. Ka tura, ya nuna ya karɓa, mai shi ya isa ƙauye ya tarar da wayam. Dole ka san shi tun daga zanen jikinsa. Ga 'yan kabu-kabun Gidan Amumune masu son sautin da zai rinjayi kukan mashin. Ga mata masu aiko da kati a ƙulle a leda, da saƙon baki cewa a sa musu waƙar nan da aka yi rawa da ita a bikin wance, ba suna, ba mawaƙi. Kuma dole ka gane ta.

Abin da ya raba ni da sauran masu turi shi ne tsabtar sauti. Yawancin waƙoƙin da ke yawo a kasuwa sun bi hannu goma kafin su iso, sun dushe, kuma ana tsakiyar amshi sai ka ji wani ƙato yana kirarin shagonsa da lambar wayarsa. Ni abin yana ƙona mini rai. Sai wani ɗan'uwa da ke Maradi ya nuna mini wani kanti na intanet inda ake sayen waƙa daga tushe. Na buɗe asusu, na yi katin banki, duk sabuwar da ta fito in saya in sauke. Shekara da shekaru ina tarawa. Mutane suka fara cewa turin Lawali ba shi da tsakuwa. Da wannan sunan na yi aure, da shi nake ciyar da gida.

Sai shekarar da ruwa ya ci ni. Cikin tsakiyar damina ne, aka kwana ana tafka ruwa da iska. Da safe na zo buɗe shago, tun daga nesa na hangi kwanon rufin ya ɗaga baki. Ruwan bai zuba ko'ina ba sai daidai kan tebur. Ordinater na nan, diskin ajiya na nan kusa da ita kafaɗa da kafaɗa, domin ni mai wayo a nan nake ajiye shi don kada ya ɓace. Na haɗa iri da abinci a rumbu ɗaya. Na shanya su a rana, na binne su cikin shinkafa kwana uku kamar yadda ake faɗa, na kai su Maradi wajen mai gyara. Ya buɗe, ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Malam, sai haƙuri, wannan kam ta riga mu gidan gaskiya."

Tsofaffin da na juyo daga kaset ɗin Maigida sun tafi, sai 'yan kaɗan da na roƙo daga katunan mutane daga baya. Amma cin abincina yana kan waɗanda na saya. Ga kaka ta matso, lokacin da ake bukukuwa, makiyaya su dawo, manomi ya sayar da wake ya tuna yana da kunne. Abin da mai turi ya samu da kaka shi yake ci har wata kakar. Kuma a wannan shekarar wani ya buɗe shago tsallaken titi da lasifika biyu. Na san in kaka ta same ni da tebur wayam, mutanena za su tsallaka, kuma wanda ya tsallaka ba ya dawowa.

Abu ɗaya ya hana ni zaucewa. A kantin nan na intanet, abin da ka saya naka ne. Yana can ajiye da sunanka, ko injinka ya ƙone kana iya shiga ka sake saukewa ba tare da ka sake biya ba. Na sayar da ragon da nake kiwo, na sayo tsohuwar ordinater ta hannu, na zauna a nan inda nake zaune, na rubuta sunana da kalmar sirrina, ina murmushi. Sai abin ya ce bai san wannan injin ba. Ya ce ya aika lamba shida zuwa layin da aka buɗe asusun da shi, in rubuto su. Na duba salulata, shiru. Na sake nema, shiru. Na lura ya nuna ƙarshen layin, arba'in da bakwai, ni kuwa nawa ba haka ya ƙare ba.

Kwana biyar ina nema ina sake nema, ina tunanin layin wane ne wannan. Rana ta shida na koma gida ina ta gunaguni a kan tuwo, matata Hadiza ta ce, "Arba'in da bakwai? Ai lambar Inna ce."

Sai a lokacin na tuna. Shekara huɗu kafin nan na sayi sabuwar salula, na aika wa surukata tsohuwar a cikin kayan Sallah. Da yake yin sabon layi sai da katin shaida da zuwa gari, ni kuma ina da layi biyu, sai na bar mata tsohon a ciki. Kyauta ce na yi har aka yaba mini. Ban tuna cewa duk dukiyata a jikin wannan layin take rataye ba.

Za ku ce ai sai a kira ta. Ku yara ne. Na farko, unguwarsu Inna can gefen Hawandawaki take cikin kwari, rezon waya ba ya sauka sai an hau wani tudu bayan gari. Na biyu, Hadiza 'yar fari ce. Inna ba ta kama sunanta, ba ta hira da ita a gaban mutane, balle ni mijinta. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, maganar da ta taɓa shiga tsakanina da Inna ba ta wuce gaisuwa ba, ita ma ta bayan zana, ni a tsugune ina kallon ƙasa. Ni ba ni da suna a bakinta. In za ta ambace ni sai ta ce mutanen Tasawa. Hadiza kuwa tana cikin jego, ba ta yi arba'in ba. Na aika saƙo a karanto mini lambar ta hannun wani ɗan kabu-kabu, Ila, wanda ke bin hanyar, dattijon mutum mai furfura a gemu. Ya dawo ya ce, "Ta ce rediyo ya hana."

Washegari na cika batirin ordinater fal, na naɗe ta cikin bargo, na sayi sukari da sabulu da goro, na hau bayan Ila. Hanyar nan kun san ta, rairayi ne mai kama taya. Gero ya yi tsawo hagu da dama har yana marin fuska. Sau biyu muna sauka muna turawa, ni rungume da bargo kamar mai kai jariri asibiti. Da hantsi muka isa.

Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na tsuguna a bakin zana. Muka gaisa, ta tambayi ruwa, ta tambayi gajiya, ta tambayi masu jego ba tare da ta kama suna ba. Aka miƙo fura ta ƙarƙashin zana. Na juya baya na kurɓa kaɗan, ko da yake maƙogwarona ya bushe. Sannan Ila ya gyara murya ya faɗi abin da ya kawo mu.

Inna ta yi magana, ba da ni ba, da Ila.

"Kwana biyat ke nan, duk sa'ad da na hau tudu abin ga shina ta kuka. Na kai ma mushen lakwal, malamin makarantar yara, ya diba, ya ce wani ne ke son shiga wani wuri, kada in hwaɗa ma kowa lambar. Rediyo ma haka ya ce, ko mutum ya ce shi ɗanka ne. Ni ina ta addu'a Allah shi tona asirin ɓarawon ga. Ashe na gida ne."

Ila ya ƙunshe dariya. Ni kuwa na ƙara sunkuyar da kai.

"Inna, ba sata ba ce," in ji Ila. "Waƙoƙinshi ne na sana'a."

Na ji tana kwance wani ƙulli, na ji ƙarar leda. Ta girgiza salular kusa da zana.

"Shekara huɗu tana hannuna, ban taɓa jin ta yi waƙa ba in ba kira anka yi ba. Ina waƙoƙin suke?"

Na raɗa wa Ila, shi kuma ya ɗaga murya. Ya ce waƙoƙin ba a cikinta suke ba, suna can wani rumbu mai nisa, salular makulli ce kawai. Wannan ta gane shi nan take.

"To, mi ya kai mutum shi ba surukuwa tai makullin rumbu, kuma shi mance?"

Ila ya ce in ta yarda ta ba shi salular, mu hau tudu mu dawo mata da ita yanzu. Ta ce a'a. Makulli amana ne, ba ta ba wanda ba mai rumbu ba, Ila kuwa da ganinsa mutumin kirki ne amma ba ta san kakansa ba. Mai rumbun kuma ba ta iya miƙa masa abu hannu da hannu. Saboda haka da kanta za ta je.

Haka muka fita a jere cikin rana. Inna a gaba da sandarta da faifai a hannu, Ila a tsakiya, ni can baya da bargo, ina rage tafiya don kada in cim mata. Matan da ke dawowa daga rijiya suka tsaya suna kallonmu. A kan tudun akwai gawo guda, kuma kun san gawo da damina ba ganye gare shi ba, inuwarsa ba ta fi ta sanda ba. A gindinsa kaɗai rezo yake tsayawa da ƙafa biyu. Inna ta tsaya a nan ta ba ni baya. Ni na tsuguna taku ashirin daga gare ta, inda na samu ɗan layi ɗaya na intanet a salulata, na jona da ordinater, shafin ya buɗe da ƙyar kamar ana jan guga.

Dabarar da Inna ta tsara ita ce wannan. In nemi lamba. Ita ta ɗaga salula sama har ta yi kuka. Ta ɗora ta a faifai, ta ajiye a ƙasa, ta ja da baya. Sannan in zo in duba.

Na nema. Salular ta yi kuka. Inna ta sauke hannu a hankali, ta goge fuskar salular da bakin zane, ta ɗora a faifai, ta gyara mata zama, ta dogara sanda ta tafi taku-taku, ga gwiwa ba lafiya. Lambar nan kuwa 'yan mintoci take rayuwa. Na zo da gudu, rana ta haske gilashin da ya riga ya karce, na buɗe saƙonni, na tarar da lambobi jere sun fi goma, duk waɗanda na yi ta nema daga Tasawa. Na haddace ɗaya, na koma da gudu, na rubuta. Abin ya ce ba ita ba ce. Ta shekaranjiya na ɗauko.

Na biyu, na ce ba za a yi haka da ni ba, sai na ɗauki ordinater na taho da ita wajen faifan. Na samu lambar daidai, na rubuta daidai, na danna. Ashe da na tashi daga inda nake, intanet ya yanke. Shafin ya yi fari. Kafin ya dawo lambar ta mutu. Sai wani jan rubutu ya fito yana cewa an yi kuskure da yawa, in aka ƙara za a rufe asusun na wani lokaci. Wane lokaci, bai faɗa ba. Na dubi batir, shi ma ya koma ja. Ordinater ta hannu ce, cikinta ba ya riƙe wuta.

A nan ne na ji tsoro na gaske. Na zauna daɓas a kan rairayi, gumi yana ɗiga a kan maɓallai. Na ga shagon tsallaken titi, na ga Buba ya dawo daga arewa yana miƙo kati ni kuma ina ba shi haƙuri. Ban san na yi magana a fili ba, sai na ji bakina ya ce, "Shi ke nan, na rufe."

Inna ba ta juyo ba. Ta ce, "Ila kake ko wa? Tahi can gindin kalgo ka diba mini akuyata."

Ila ya duba, babu akuya ko ɗaya a wajen. Amma dattijo ne, ya gane. Ya sauka daga tudun, ya ba mu baya, ya tsaya yana nazarin gero.

Sai na ji abin da ban taɓa ji ba cikin shekara goma sha ɗaya.

"Kai. Taho nan."

Na ɗauka da wani take. Ta buga sanda a ƙasa.

"Da kai nike. Ɗauko injin naka ka zamna nan gindin icce. Kunya ba ta cika rumbu."

Na rarrafo na tsuguna dab da ƙafafunta, kusa har ina jin ƙamshin man shanun da ke jikin zanenta. A nan intanet ya nuna layi uku. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta ɗaga salula sama da hannu ɗaya. Na nemi lamba. Salular ta yi kuka. Ba ta ajiye a faifai ba, ta sauko da hannun kai tsaye ta tsayar da shi gaban hancina, tana kallon gabas ta cikin mayafi.

"Ta sama ita ce sabuwa," in ji ta. "Mushe ya nuna mini. Kada ka koma ɗaukar tsohuwa."

Na rubuta lambobi shida. Shafin ya yi juyi, ya yi juyi, ya buɗe. Ga su nan jere, duk abin da na saya tun ranar farko, kowace da 'yar kibiya a gefenta mai nuna a sauke. Ko ɗaya ba ta ɓace ba. Na ce wa injin ya riƙe ni, ya san ni daga yau, don in na koma Tasawa kada ya sake tambaya. Na ce, "Inna, ya buɗe." Ta ce, "Madalla," ta mayar da salular cikin leda, ta ƙulle a bakin zane, ta matsa taku biyar, ta ƙwala wa Ila kira. Kafin ya iso ta koma surukata sak, kamar ba a yi komai ba.

Batir saura ƙiris. Na ce wa Ila ya gaya mata yanzun nan zan cire layinta daga asusun in sa nawa, aikin minti biyu ne, daga yau ba za a sake damun ta ba, abin ba zai ƙara yi mata kuka ba. Na faɗa da jin daɗi, ina ganin alheri ne zan yi mata. Ila ya isar.

Inna ta sunkuya. Ta ɗauki faifanta ta kakkaɓe.

"A hwaɗa ma mutanen Tasawa su bar makulli inda shike."

Ila ya ce, "Inna, ai wahala ce gare ki, hawan tudu da wannan gwiwa."

"Ni na ce na gaji? Shekara ukku ban ga ƙahwarsu garin ga ba. Sukari shina zuwa, sabulu shina zuwa, su ba su zuwa, wai shago ba ya rufuwa. Yaran ga biyu na baya, a hoto na san su. Yau ga shi ruwa ya ci inji, an samu hanya." Ta gyara mayafi. "Kuma a hwaɗa musu, gaba in za a zo ɗaukar lamba, a zo da waccan da ɗiyanta duka. Ba ni buɗe ma mutum guda rumbu."

Ta dogara sanda ta fara gangarawa. Yatsana yana kan maɓallin da zai canza layin. Kunya ta rufe ni irin wadda ba ta surukuta ba, domin gaskiya ta faɗa, ko kwana ɗaya ba ta ƙara ba. Na janye hannuna na rufe ordinater.

Kwana tara na yi ina saukewa a Tasawa, intanet yana yankewa ina sake jonawa, ina jera su da lamba kamar da. Kaka ta same ni da tebur cike. Buba ya dawo ya danna sau bakwai ya ji sarewarsa, bai ma san an yi wani abu ba. Na sayi diski biyu, ɗaya yana gida cikin akwatin Hadiza, kuma na sa an ɗaure kwanon rufin da waya.

Layin kuwa yana nan inda yake. Da Hadiza ta yi arba'in muka ɗauki kabu-kabu biyu muka tafi mu duka, muka kwana uku. Inna ba ta sake yi mini magana kai tsaye ba har yau, na koma mutanen Tasawa. Injin nan da kuke gani ya san ni sarai, zai iya shekara bai tambaye ni lamba ba. Amma duk bayan wata uku ko huɗu, in na ga Hadiza ta fara yawan zancen gida, sai in zo nan da safe, in shiga asusun, in danna fita da hannuna, in ce ya manta da ni. In sake rubuta sunana. Sai ya ce ya aika lamba zuwa layin da ya ƙare da arba'in da bakwai. Sai in rufe shago, in aika a kira Ila, in je gida in ce wa Hadiza ta shirya yara, aiki ya taso.